Yadda A Ke Raba Wa Kwamfutoci Mulkin Matatar Mai

A yau muna so mu yi wa masu karatu bayani a kan wani al'amari wanda ba a cika jin labarinsa ba, ko da ya ke fetur ɗin mota, da kananzir ɗin fitila, da simintin gini, da takin zamanin da manoma ke zubawa a gona, duk sai sun bi ta hannunsa kafin su iso gare mu. Al'amarin kuwa shi ne yadda a ke kula da manyan masana'antu irin su matatar mai, inda wuta ke ci dare da rana, mai mai zafi yana gudu cikin bututu, ba a tsayawa ko ranar salla. A irin wannan wuri akwai dubban abubuwan da tilas a riƙa aunawa kowane lokaci, da ɗaruruwan bawul da za a riƙa buɗewa ana rufewa. Mutum ba ya iya wannan, kome hanzarinsa, sai kwamfuta. To, tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, a danƙa wa babbar kwamfuta guda ɗaya mulkin duka, ko kuwa a raba shi tsakanin ƙanana masu yawa? Amsar da suka samu bayan shekaru ana gwaji, ita mu ke so mu shimfiɗa a nan.

ZAGAYEN KULA

Bari mu fara da misali ɗaya. Ɗanyen mai, kafin a shigar da shi doguwar hasumiyar da ke rarrabe shi, sai an bi da shi ta cikin tanderu an dafa shi ya kai wajen digiri 360 a ma'aunin Salshiyas. In zafin ya gaza, dizal mai daraja ya kan zauna cikin baƙin man da ke ƙasa, an yi hasara ke nan. In kuwa zafin ya zarce, man ya kan ƙone ya zama gawayi a cikin bututun, ya toshe shi, har bututun ya yi ja ya fashe. Saboda haka a kan sa ma'auni a bakin tanderu yana auna zafi, a sa bawul a kan bututun iskar gas da ke ciyar da wutar, sa'an nan a sa wata na'ura a tsakaninsu. Aikinta shi ne ta duba abin da ma'auni ya faɗa, ta gwada shi da abin da aka ƙayyade mata, ta buɗe bawul kaɗan ko ta rage shi, ta sake dubawa. Wannan kai da kawowa shi za mu kira zagayen kula. Babbar matata tana da irinsa ɗaruruwa, wata ma dubbai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururi wasu dunƙulen ƙarfe biyu masu juyawa, in inji ya yi sauri su buɗe su rage tururi, in ya yi sanyi su faɗo su ƙara. A 1922 kuma wani masani mai suna Nicolas Minorsky, yana yi wa sojan ruwan Amurka aiki, ya zauna ya lura da yadda ƙwararren matuƙin jirgin ruwa ke riƙe da akalar jirgi. Ya ga matuƙin yana lura da abu uku. Na farko, yaya nisan jirgi daga hanyar da a ke so? Na biyu, tun yaushe wannan karkata ta ke nan ba ta gushe ba? Na uku, da wane irin sauri ta ke ƙaruwa ko raguwa? Minorsky ya mayar da waɗannan tambayoyi lissafi. A 1942 injiniyoyi biyu na kamfanin Taylor, Ziegler da Nichols, suka fito da hanya mai sauƙi ta sanin nauyin da za a ba kowace tambaya. Har wa yau mafi yawan zagayen kula a masana'antun duniya da wannan lissafi su ke aiki.

Da fari da iska a ke aika saƙo tsakanin ma'auni da bawul, ta cikin siraran bututu, ƙarfin iskar yana hawa daga fam 3 zuwa fam 15 a kan kowane inci murabba'i. Daga baya aka koma wa wutar lantarki, daga miliamfa 4 zuwa 20. In tanki ne a ke auna, 4 tana nufin ba kome a ciki, 12 rabi, 20 ya cika. Mai karatu zai ce, me ya sa ba a fara daga sifiri ba? Dalili shi ne, in waya ta tsinke wutar za ta koma sifiri, sai na'ura ta gane nan take waya ce ta yanke, kada ta zaci tanki ne ya ƙare. Wannan ƙaramar hikima tana nuna halin masu wannan sana'a, watau kullum suna tambayar kansu abin da zai faru ran da abu ya lalace.

ZAMANIN KWAMFUTA GUDA

A 1959 aka fara sa kwamfuta ta kula da wani sashe na matata, a garin Port Arthur cikin jihar Teksas ta Amurka, a matatar kamfanin Texaco. Sunan kwamfutar RW-300. Ba a yarda a sakar mata bawul kai tsaye ba. Tsofaffin na'urorin kula suna nan a wurarensu, ita kuwa tana lissafi tana gaya musu mizanin da ya fi riba su riƙe. In ta mutu, sai su ci gaba da riƙe mizanin ƙarshe da ta ba su.

A 1962 kamfanin ICI na Ingila ya yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali, a masana'antarsa ta yin soda a Fleetwood. Aka kawar da tsofaffin na'urori, aka sa kwamfuta guda mai suna Ferranti Argus tana karanta awo 224, tana kuma juya bawul 129 da kanta. Abin ya yi kyau ƙwarai, domin in ana so a sake yadda wani zagaye ke aiki, ba sai an kwance waya ba, sai a sake rubuta umarni kurum. Kwamfuta a lokacin tana da tsada ainun, saboda haka duk wanda ya sayi ɗaya sai ya ɗora mata iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Nan fa matsala ta fito. Kwamfutocin wannan zamani su kan lalace a kai a kai. Ran da guda ɗayan nan ta tsaya, bawul ɗari da wani abu sun rasa mai ba su umarni a lokaci guda, alhali wuta tana ci. Dole kamfanoni suka riƙa sayen kwamfuta ta biyu tana jira, ko su bar tsofaffin na'urori a gefe don ranar tsiya, ribar da aka zaci za a samu ta tafi wajen nan. Ga kuma wahalar waya, domin kowane ma'auni sai an ja masa wayarsa tun daga inda ya ke har ɗakin kwamfuta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, injiniyoyi kuwa sun ga haka da idonsu.

RABON MULKI

Abin da ya kawo mafita shi ne arahar ƙwaƙwalwar kwamfuta. A 1971 kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwa a kan ɗan guntun silikon wanda bai kai farcen yatsa ba. Cikin 'yan shekaru ya zama ba sai an yi tattalin kwamfuta guda ba, ana iya sayen ashirin. A 1975 kamfanoni biyu, Honeywell a Amurka da Yokogawa a Jafan, kowanne ya fito da sabon tsari, na farko ya kira nasa TDC 2000, na biyu CENTUM. A cikin tsarin Honeywell kowace ƙaramar kwamfuta zagaye takwas kaɗai aka ba ta. Aka haɗa su duka da layin waya guda wanda saƙonni ke bi, aka kai layin ɗakin kula inda ma'aikaci ke zaune gaban allon talabijin yana ganin kome. In ɗaya ta mutu, zagaye takwas ne suka sami matsala, sauran matatar tana tafiya. In layin ne ya yanke, kowace tana ci gaba da aikinta, domin lissafinta yana cikinta, ba ta jiran izini daga ko'ina. Wannan shi a ke kira rarrabaccen tsarin kula.

Mu da muka san tsarin sarautar gargajiya ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Mai unguwa ba ya tafiya fada don rigimar akuya ta ci dawar maƙwabci, nan take ya ke kashe ta. Abin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaban Sarki. Labari yana hawa sama yana taƙaituwa, umarni yana saukowa ƙasa yana faɗaɗa. In ruwa ya cinye hanya tsakanin ƙauye da birni, ƙauyen ba ya watsewa, domin akwai mai riƙe da shi. Haka aka tsara matata, hawa hawa. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Theodore Williams, su suka tsara waɗannan hawa a rubuce a farkon shekarun 1990, masana'antu kuma suka karɓa.

Hawa na ƙasa shi ne ma'aunai da bawul da famfunan tura mai, waɗanda ke taɓa aikin da kansu. Bisa gare su akwai ƙananan kwamfutocin kula, masu duba kowane zagaye sau ɗaya ko fiye a cikin daƙiƙa. Waɗannan ba a barinsu su kaɗai, kowace a kan yi mata na'ibi wanda ke biye da ita yana kwafe duk abin da ta ke yi, in ta faɗi ya karɓa ba tare da bawul ya motsa ba. Layin saƙo ma biyu a ke ja, wutar lantarki ma ta hanya biyu. A nan kuma a ke samun wata irin ƙaramar kwamfuta mai aikin kunnawa da kashewa bi da bi, wadda Dick Morley da abokansa suka ƙera a ƙarshen shekarun 1960 don masana'antar motoci ta General Motors. Bisa waɗannan sai ɗakin kula, da allunansa, da ma'ajiyar da ke rubuta kowane awo da lokacinsa, don in wani abu ya faru a koma a duba.

Tun da na'urorin ba kamfani ɗaya ke ƙera su ba, sai da aka sama musu harshen da za su ji juna. Kamfanin Modicon ya fitar da Modbus a 1979, Jamusawa suka fito da Profibus a ƙarshen shekarun 1980, a 1996 kuma aka shirya ƙa'idar OPC don manhajar wani kamfani ta iya karanta awon na'urar wani. Manhaja kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta.

MANHAJAR NEMAN RIBA

Riƙe zafi a digiri 360 abu ɗaya ne, sanin ko 360 ɗin ce ta fi dacewa yau wani abu ne dabam. Wannan aikin hawan sama ne. A cikin hasumiyar tace mai kome yana taɓa kome. In ka ƙara zafi a ƙasa, ingancin kananzir a tsakiya ya sake, amma ba nan take ba, sai bayan minti ashirin ko fiye. Zagayen da ke kallon ma'auni ɗaya kaɗai ba ya ganin wannan. Ma'aikaci kuwa, don gudun laifi, ya kan tsaya nesa da iyaka, ya bar riba a ƙasa.

A shekarun 1970 Jacques Richalet a Faransa, da Charles Cutler da abokan aikinsa a kamfanin Shell, suka fito da manhaja mai hangen gaba. Ga yadda a ke yi. Injiniyoyi su kan ɗauki kwanaki suna motsa bawul ɗaya ɗaya kaɗan kaɗan, suna rubuta yadda kowane ma'auni ya amsa da tsawon lokacin da ya ɗauka. Daga wannan a ke gina siffar hasumiyar cikin lissafi. Sa'an nan kowane minti manhajar ta kan tambayi wannan siffa, in na yi kaza yanzu, ina za mu kasance nan da sa'a guda? Ta gwada hanyoyi da yawa, ta zaɓi wadda ta fi kusa da iyaka ba tare da ta ƙetare ba, ta ɗauki takin farko kaɗai, bayan minti ɗaya ta sake awo ta sake lissafi. Kamar mai tuƙin babbar mota ne da kaya, wanda ya hango gangara tun daga nesa ya fara rage gudu, ba ya jira sai ya iso bakinta.

Bisa wannan akwai wata manhajar wadda ke duba sashen matata gaba ɗaya, bayan kowace sa'a ko 'yan sa'o'i, tana haɗa awo da farashin kaya, ta ce yau dizal ya fi tsada, a karkata wajensa. Can ƙoli kuma sai ofishin tsara aiki, inda a ke shirya wane ɗanyen mai za a saya da abin da za a fitar cikin mako ko wata. Lissafin da su ke amfani da shi George Dantzig ne ya samo hanyar warware shi a 1947, a 1952 kuma Charnes da Cooper da Mellon suka nuna yadda za a yi amfani da shi wajen gauraya man jirgin sama.

A lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne gishirin tsarin duka. Manhajar neman riba ba ta taɓa bawul da hannunta. Mizani kurum ta ke aika wa ƙananan kwamfutocin da ke ƙasa. Iyakar hawan da aiki ya yi sama, iyakar nauyin lissafinsa da jinkirinsa, iyakar kuma yadda za a iya haƙura da shi in ya tsaya. In kwamfutar riba ta mutu da tsakar dare, an yi hasarar kuɗi kaɗan kafin safiya, amma wutar tanderu tana hannun mai riƙe da ita. Dabarar Port Arthur ta 1959 ke nan ta dawo cikin sabuwar riga.

MAI TSARON RAI

Akwai kuma wata kwamfuta wadda ba ta cikin wannan jeri ko kaɗan. Ba ta neman riba, ba ta daidaita zafi. Tana da ma'aunanta da bawul nata da wayoyinta dabam, aikinta ɗaya ne, in abu ya ƙetare iyakar haɗari ta kashe wuta ta rufe hanya. Sau da yawa a kan sa ma'auni uku a wuri guda, sai biyu sun yi shaida iri ɗaya ta ke zartar da hukunci, don kada ma'auni ɗaya mai ƙarya ya tsayar da matata a banza, kada kuma ya ɓoye haɗari. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61511, wadda ta fito a 2003, ta nemi a raba wannan mai tsaro da mai kula na kullum, don cutar da ta kama ɗaya kada ta kama ɗayan.

INDA TSARIN YA KE DA RAUNI

Kada mai karatu ya zaci an gama da haɗari. A zamanin da, in ana so a ƙara ƙararrawa guda a ɗakin kula sai an sayi fitila an ja waya, saboda haka ba a sa ta sai da dalili. Da kwamfuta ta zo, ƙara ƙararrawa ya zama kyauta, sai aka yi ta ƙarawa. Ran 24 ga Yuli 1994 tsawa ta faɗa a matatar Texaco ta Milford Haven a Birtaniya, aiki ya rikice. Wani bawul yana rufe, allo kuwa yana nuna a buɗe ya ke. Mai ya yi ta taruwa inda bai kamata ba har wajen sa'a biyar, bututu ya fashe, wuta ta tashi, mutum 26 suka ji rauni. Masu bincike sun tarar a cikin minti 11 na ƙarshe ƙararrawa 275 ce ta buga wa ma'aikata biyu. Wa zai iya karanta wannan, balle ya gane wadda ta fi muhimmanci? Bayan haka, a 1999, aka fitar da jagora mai suna EEMUA 191, wadda ta ce a lokacin zaman lafiya kada ƙararrawa ta wuce ɗaya a cikin minti goma.

Rauni na biyu ya zo ne ta ƙofar da aka buɗe don alheri. Layin da ke kai awo ofishin riba, shi ne kuma zai iya kawo ɓarawo, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2010 aka gano wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet, wadda ta shiga na'urorin kula ƙirar Siemens a tashar tace yuraniyom ta Natanz a Iran, tana lalata injuna alhali masu kula suna ganin kome lafiya. A 2017 kuma wasu suka kutsa har cikin kwamfutar tsaron rai ta wata masana'antar sinadaran mai a Saudiyya. Abin da ya tona asirinsu shi ne na'urar ta ji an taɓa ta, ta tsayar da masana'antar kamar yadda aka gina ta ta yi. Tun daga nan an ƙara matsa wa ƙa'idar cewa kowane hawa a yi masa katanga da ƙofa da mai gadi, kada kwamfutar ofis mai shiga intanet ta yi magana kai tsaye da mai riƙe da bawul.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wannan magana ba ta nesa ba ce. An buɗe matatar Kaduna a 1980. A 2023 aka ƙaddamar da matatar Ɗangote a Lekki ta jihar Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Ga masana'antun siminti a Obajana da Ashaka da Sakkwato. Irin waɗannan wurare daga ɗakin kula a ke tafiyar da su, kuma kowannensu yana bukatar masu gyaran ma'auni, da masu zama gaban allo, da injiniyoyin da za su gina siffar lissafi su riƙa sabunta ta, domin hasumiya tana tsufa, siffar da aka gina mata bara ba lalle ta dace da ita bana ba. Na'ura ana sayenta da kuɗi a sauke ta a tashar jirgin ruwa cikin wata guda. Mutumin da zai gane lokacin da ta ke faɗin ƙarya kuwa, shekaru a ke yi ana renonsa.

Saboda haka muna jan hankalin malaman makaranta. Tushen wannan ilmi duka yana cikin darussan da ku ke koyarwa, watau kason lissafi, da zanen jadawali mai nuna yadda abu ke sakewa da lokaci, da aljabara, da karanta ma'aunin zafi daidai. Yaron da aka koya masa ya tambayi kansa ko amsar da ya samu ta yi kama da hankali, shi ne gobe zai dubi allo ya ce, wannan bawul an ce a buɗe ya ke, to, me ya sa tanki ke cika? Akawuna kuma sun fi kowa sanin cewa in lissafin da ya taso daga ƙauye ba daidai ba ne, duk hukuncin da aka yanke a kansa a birni ya karkace, kome adalcin mai yankewa. Haka kwamfutar ƙoli ta ke, ba ta san zafin tanderu ba sai abin da ƙaramin ma'aunin nan na bakin wuta ya gaya mata.